Ƙwallo tukuna, sannan ƙasa: gyaran bugun golf a kan fako

Da yawa daga cikin mutanen Kebbi da ke riƙe sandar golf sun haɗu da ita ne a wurin aiki, a Kaduna ko Abuja ko Kano ko Jos, kuma sun fara ne bayan sun manyanta. In an dawo gida Birnin Kebbi ko Argungu ko Yauri, sai jakar sanduna ta kwanta bayan ƙofa tana shan ƙura, da hujjar wai ƙasarmu ta yi tauri, babu ciyawa. Ni kuwa ina ganin wannan taurin alheri ne ga mai koyo. Ciyawa mai laushi tana rufa wa mutum asiri: sanda ta taɓa ƙasa kafin ƙwallo, ta zame, ƙwallo ta tashi ko ta yaya, mai bugu ya tafi yana zaton ya iya. Fako ba ya rufa asirin kowa. Wanda ya gyara bugunsa a kansa, duk filin da ya je zai ji sauƙi.

Bayanin da ke tafe na mai amfani da hannun dama ne. Bahago sai ya juya shi.

Cuta biyu ke cin ɗan koyo in ya ɗauki sandar ƙarfe. Ta farko, sanda ta daki ƙasa a bayan ƙwallo, ƙura ta tashi, wuyan hannu ya amsa, ƙwallo ta yi tafiyar taku ashirin ta tsaya. Ta biyu, bakin sanda ya sari ƙwallo a ciki ko a ka, ta sheƙa a ƙasa kamar ƙadangare. Mutane na ɗaukarsu a matsayin kishiyoyi, alhali uwarsu ɗaya. Kan sanda yana zagaye ne kamar lilo, kuma kowane lilo yana da wurin da ya fi sauka ƙasa. Idan wannan wuri ya faɗo a bayan ƙwallo, ko dai ka haƙa ƙasa, ko jiki ya ji tsoron haƙar ya janye hannu ka sari kan ƙwallon. Wurin da ake so ya faɗo shi ne gaban ƙwallo, ta ɓangaren inda aka nufa, kamar faɗin yatsu uku zuwa huɗu. Wato sanda ta sami ƙwallo tana kan saukowa, sannan ta karci ƙasa.

Abin da ke mayar da shi baya, galibi, shi ne son ɗaga ƙwallo sama. Mutum ya ga tana ƙasa, yana so ta tashi, sai ya jingina a ƙafar dama ya yi ƙoƙarin kwasota kamar mai kwasar tuwo da mara. Wannan ba aikinka ba ne, maƙeri ya riga ya yi shi. Fuskar kowace sanda a kishingiɗe take: ƙarfe mai lamba 7 yana da kishingiɗar digiri 30 zuwa 34, wej (gajeriyar sandar ƙarfe ta bugun kusa) na tula ƙwallo sama 44 zuwa 48, wej na yashi 54 zuwa 56. Ka buga ƙasa da gaba, kishingiɗar ce za ta tayar da ƙwallo.

Ga atisayen da na fi yarda da shi, kuma ba ya buƙatar ko ƙwallo. Ka sami wuri mai ɗan rairayi a sama, ka ja layi da tsinke tsakanin ƙafafunka, daga gabanka zuwa nesa, tsawon mita ɗaya. Ka tsaya layin yana tsakiyar ƙafafu, ka ɗauki lamba 7 ko 8, ka yi lilo na rabi, hannu bai wuce ƙugu ba. Dubi inda sanda ta fara taɓa ƙasa. Ana so kartar ta fara daga kan layi ta yi hagu. Ka matsa gaba kaɗan a kan layin ka sake, har sau ashirin, ka ƙirga nawa suka faɗa daidai. Masu fara wannan sukan sha mamakin yadda kartarsu ke faɗawa dama da layi. Kada ka ɗora ƙwallo sai ka riƙa samun goma sha biyar cikin ashirin. Ranar da ka ɗora ta kuma, ka sa ta a kan layin, ka ci gaba da duban karta, ka ƙyale inda ƙwallo ta tafi. Idan ƙasar ta yi tauri ƙwarai, ka yayyafa ruwa tun da dare, don dukan tsandauri yana cin gwiwar hannu kuma yana lalata ƙasan sanda. Guntun kafet yana kare sanda, amma shi ma yana ɓoye laifi kamar ciyawa. In dole ne a yi amfani da shi, a shimfiɗa ƙaramin tawul santimita 10 a bayan ƙwallo: duk bugun da ya ɗauke tawul ɗin ya faɗo baya.

Tsayuwar da ke kawo wannan karta ba ta da wuya. Ƙafafu daidai faɗin kafaɗu. Ƙwallo a tsakiya, ko faɗin ƙwallo ɗaya zuwa hagu. A sunkuya daga ƙugu, baya a miƙe, hannuwa na reto daga kafaɗu ba tare da an miƙa su ba. Nauyin jiki ya ɗan fi yawa a ƙafar hagu, kamar kashi 55 zuwa 60 cikin ɗari, hannuwa kuma daura da cikin cinyar hagu, ta yadda mariƙin sanda ya ɗan riga kanta. In an gama bugu, kusan duk nauyi ya koma hagu, diddigen dama ya tashi, cibiya na kallon inda aka nufa. Ka tsaya a haka ka ƙirga uku. Idan ka kasa, ka yi da ƙarfin da ya fi naka.

Duk wanda ya taɓa kallon dambe da idon basira ya san naushi ba daga damtse yake fitowa ba. Ɗan dambe yana kafa ƙafa, ƙugu ya juya, hannu ya biyo baya. Haka lilon golf yake: a saukowa, ƙafar hagu ce ke fara karɓar nauyi, ƙugu ya buɗe, ƙirji ya bi, hannu da sanda su zo ƙarshe. Amma a komawa baya juyawa ake yi, ba zamewa ba. Rana za ta nuna maka bambancin. Da hantsi ka ba ta baya, ka ajiye dutse a kan inuwar kanka, ka ɗaga sanda. Idan inuwar ta bar dutsen ta yi dama sosai, zamewa kake yi, kuma wurin saukar sanda ya zame tare da kai.

Riƙo kuma, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sanda a yatsun hannun hagu take kwanciya, ba a tsakiyar tafi ba. In ka duba ƙasa ka ga gaɓoɓin bayan hannun hagu biyu ko uku, ka yi daidai. Kusurwar da ke tsakanin babban yatsa da manuni, a hannu biyun, ta nuna kafaɗar dama. Ƙarfin riƙo kamar na ɗan tsako: kar ya kuɓuce, kar ya mutu. Wani abu da ake mantawa, zafi da ƙura suna sa robar mariƙi ta yi santsi, santsi kuwa yana tilasta wa hannu matsewa, matsewa ta kashe wuyan hannu. A riƙa wanke ta da ruwa da sabulu da tsohon buroshi, kuma kada a bar jaka a but ɗin mota cikin ranar Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40.

Sai ƙwallon da ke lanƙwasa zuwa dama kamar lauje, wadda 'yan wasa ke kira silais. Babban dalilinta shi ne: fuskar sanda tana kallon dama fiye da hanyar da sandar ke bi lokacin da suka haɗu da ƙwallo. Fuska ce ke da rinjaye a kan inda ƙwallo za ta fara nufa, saɓanin fuska da hanya kuma shi ke lanƙwasa ta. Kuskuren da kowa ke yi shi ne ƙara juya jiki hagu don a rama, wanda ke ƙara saɓanin, ƙwallo ta ƙara lanƙwasa. A fara da fuska: a juya hannun hagu har gaɓoɓi uku su bayyana, a buga har ƙwallo ta fara tafiya hagu. Wannan ci gaba ne, kada a tsorata. Bayan nan a gyara hanya: a ajiye kwalin sabulu marar komai a gefen ƙwallo ta waje, tazarar yatsu uku daga kan sanda. Sandar da ta zo daga waje za ta ture kwalin. In kana son sanin inda ƙwallo ke taɓa fuska, goga alli a kan fuskar ka buga, tabon zai fito. Wanda ke bugawa da gindin fuska, kusa da wuyan direba, wato doguwar sanda mai babban kai ta bugun farko mai nisa, zai ga ƙwallo na lanƙwasa dama ko da lilonsa ya yi kyau.

Direba ita kaɗai ce ake so ta sami ƙwallo tana kan hawa sama, ba tana saukowa ba. Ƙwallo daura da diddigen hagu, a kan ɗan tsinken da ake kafawa a ƙasa a ɗora ta, rabinta ya leƙo saman kan sanda. Shawarata ga wanda bai kai ga cinye ramuka 18 da bugu ƙasa da 100 ba: ya bar ta a jaka ya fita da wud, ƙanwar direba mai ƙaramin kai, mai lamba 3 ko 5. Doka ta yarda da sanduna 14, ba ta ce sai an yi amfani da su duka ba.

Iskar hunturu tana da nata hukunci. In tana busowa a fuskarka, ƙara ƙarfi ƙara wa ƙwallo juyi ne, sai ta cilla sama ta faɗo kusa. Ɗauki sanda mai lamba ɗaya ko biyu ƙasa da wadda ka saba, ka matsar da ƙwallo kaɗan zuwa dama, ka yi lilo na kashi uku cikin huɗu. Kuma ka san nisan kowace sanda da awo, ba da buri ba: ƙwallo goma, a cire mafi nisa da mafi kusa, a auna inda sauran suka fara sauka. Inda suka tsaya yaudara ne, don a rani ƙwallo na gudu a ƙasa sosai, da damina kuwa ta tsaya inda ta faɗi.

Kusa da rami ne ake zubar da bugu ba a sani ba. A kan ƙasa mai tauri wej na yashi abokin gaba ne, domin ƙasansa yana da tudu da aka yi don ya hana shi nutsewa a yashi, kuma wannan tudun ne ke tsalle a fako ya sari cikin ƙwallo. Ɗauki lamba 8. Haɗa ƙafafu kusa, nauyi kashi 70 a hagu, ƙwallo ɗan baya da tsakiya, wuyan hannu a tsaye, kafaɗu su yi aikin. Ajiye faifai taku uku a gabanka ka koyi saukar da ƙwallo a kansa, sannan taku biyar, sannan takwas, kana lura da yadda take gangarawa bayan ta sauka. Idan babu wani cikas tsakaninka da rami, gangara ta da fota, sandar da ake gangara ƙwallo cikin rami da ita, tun daga wajen da'irar da aka gyara a kewayen ramin ya fi aminci.

Yashi kuwa Allah ya hore mana shi a bakin gulbi da rani. A nan ne ƙa'idar farko take juyewa: yashi ake bugu, ba ƙwallo ba. Buɗe fuskar wej tukuna kafin ka riƙe, nutsa ƙafafu, shiga yashi santimita 4 zuwa 5 a bayan ƙwallo, ka watsa shi gaba har sanda ta kai kafaɗa. Tsayar da sanda cikin yashi ne ke barin ƙwallo a cikin yashin. Ka saba da riƙe kan sanda a sama kafin bugu, don a gasa, in ƙwallo ta faɗa kwarin yashi na filin wasa, jingina shi a yashin daf da ita yana jawo tarar bugu biyu. Don Allah a duba da kyau kafin a saki ƙwallo a irin wannan wuri. Nauyinta bai wuce giram 46 ba, amma tana da taurin dutse, ga yara, ga masu wanki, ga shanu.

Faɗin rami milimita 108 ne. Ɗan koyo ba saiti ne ke kayar da shi ba, awon ƙarfi ne: ta farko ta tsaya nesa, ta biyu ta wuce, ta uku ta shiga. A kan kafet na falo ko baranda, sa alama a mita 3 da 6, ka gangara ƙwallo biyar zuwa kowace, kana canza tsawon lilo, ba saurin hannu ba. Nufi ta wuce alamar da kamar santimita 30. Wasu filayen ƙasar nan, maimakon ciyawa, yashi ne da aka cakuɗa da mai aka daddale a kewayen rami, shi ake kira burawun. A kansa ƙwallo ba ta gudu kamar a ciyawa kuma ba ta cika karkata ba, saboda haka a nufi rami kai tsaye, a ƙara tsawon lilo, a kuma share tafin fota da ƙwallo daga yashin da ya manne kafin kowane bugu.