Shafi na huɗu da ban karanta ba

Shekara 19 na yi ina gyaran babura da adaidaita a Maraɗi kafin in taɓa abin hawa mai lantarki, kuma a duk tsawon wannan lokaci ban taɓa sa hannu a wata takarda da ta wuce rasit ba. Wataƙila shi ya sa ranar da wakilin wani kamfani ya ajiye mini yarjejeniya mai shafi shida da Faransanci, na nemi inda aka rubuta kuɗi, na ga jika 90 na sefa a wata, na karɓi biro na rattaba hannu. Shafi na huɗu ko buɗe shi ban yi ba. An kusa shekara da rabuwarmu, amma har yau in na tuna da shafin nan sai abinci ya fita daga raina.

Kamfanin ya shigo da adaidaita masu batir ne, yana ba matasa bisa sharaɗin su riƙa kawo kuɗi kullum har su gama biya su mallaka. Ni aka ɗauka in kula da gyara, tare da yarana uku. Ba zan ɓoye ba, abin ya burge ni. Babu buji, babu fistin, babu salansa, babu juyen baƙin mai. Injin lantarki ne guda, da akwatin da ke daidaita wuta, da batir mai ƙarfin volt 72 a ƙarƙashin kujera. Wata huɗu na farko aikin bai wuce birki da taya da ɗaure noti ba, ina komawa gida hannuna fes, har uwargida tana yi mini ba'a wai na zama ma'aikacin ofis. Cikin wannan jin daɗin na mayar wa mai fili rumfata ta bakin titi, na raba wa abokan sana'a mutanen da suka shekara goma suna kawo mini gyara.

Abu ɗaya ne ya riƙa damuna tun farko, sai dai ban ba shi muhimmanci ba. Duk matsalar da ta shafi wuta, ba a gano ta sai an jona wani allon kwamfuta da kamfanin ya ba ni, allon kuma ba ya buɗewa sai da lambar sirri da ake sabuntawa kowane wata ta intanet daga babban ofishinsu. Ni da nake gane ciwon inji da kunne tun babur bai ƙaraso ba, na koma mai jiran allo ya gaya mini abin da ke faruwa. A raina na ce ci gaban zamani ne. Ashe mabuɗin sana'ata ne aka riƙe a wani gari, ni kuwa aronsa ake ba ni wata-wata.

A watan Afrilu abin ya faru, lokacin da zafin Maraɗi ke haura digiri 40. Batirin litiyam ba ya son zafi, musamman a jona shi caji yana da ɗumi, direbobi kuwa ba su da zaɓi, duk sa'ar da aka samu wuta suke jonawa ko da rana na tsaka. Wani yaro daga cikinsu, wanda bai fi shekara 22 ba, ya turo adaidaitarsa tun daga wajen kasuwar Kadro, gumi ya jiƙa masa riga. Allo ya ce batir ya samu matsala, a canza shi. Na kira ofis, aka ce sabo ba zai iso ba sai nan da mako uku, kuma kuɗin kullum bai tsaya ba. Yaron ya durƙusa ya ce, "Baba, don Allah ka duba mini, wata bakwai ke nan ina biya, in na yi fashi za su karɓe." Na ce masa, "Tashi, yaro, bari mu gani."

Na kwance murfin. Abin da na tarar a ciki ƙwayoyi ne a jere, an haɗa su da siraran ƙarafa da aka ɗiga wa walda, an kwarara musu wani irin danƙo don kada su motsa. A gefe guda kuma ga ƙwaƙwalwar batirin, wadda ke auna wutar kowane rukuni da zafinsa, ta yanke wuta in ta ga abin da bai yi mata ba. Na bi layi-layi da mita har na gano wurin: ƙarfe ɗaya ne waldarsa ta saki saboda gargadar hanya. Na kankare danƙon a hankali, na mayar da shi, ko awa ɗaya ban yi ba. Na rufe, na murɗa makulli, shiru. Na sake aunawa, wuta na nan cif, amma ƙwaƙwalwar ta hana ta fita. Daga baya na gane akwai wani ɗan maɓalli a jikin murfin da ke sanar da ita an buɗe, ita kuma ta kulle kanta har sai an aiko mata izini daga ofis. Da gari ya waye na ɗauki allo, lambata ma ta daina aiki.

A daren ranar na kai takardar wurin ɗan yayata da ke karatu a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo. Ya karanta shafi na huɗu sau biyu, ya ɗago kai ya ce, "Kawu, wa ya karanta maka wannan kafin ka sa hannu?" Na yi shiru. Abu uku ne a ciki. Ni ba ma'aikacin kamfanin ba ne, mai zaman kansa ne da ke sayar musu da hidima. Allo da lambar sirri da duk bayanan da ke cikin abin hawan mallakarsu ne, suna iya janyewa duk ranar da suka ga dama. Wanda kuma ya buɗe batir ba da izini a rubuce ba, shi zai biya kuɗinsa gaba ɗaya. Suka riƙe mini albashin wata biyu, suka aiko da takardar bashin jika 480. Karatun da bai ɗauki ɗan yayata minti biyar ba, shi na kasa nema, alhali gidansu bai fi tafiyar minti goma daga nawa ba.

Zan yi musu adalci a wuri ɗaya. Batirin litiyam ba abin wasa ba ne. In ƙwaya ɗaya ta huje ko ta yi gajeren haɗi, tana iya kama wuta ta kunna ta kusa da ita, wutar kuma tana da wuyar kashewa. A manyan motoci ƙarfin yakan kai volt 400, wasu ma 800, wanda ya isa ya kashe mutum nan take. Don haka ban ce kowa ya ɗauki sukudireba ya faɗa wa batir ba. Amma da tsaron lafiya ne kaɗai damuwarsu, da sun koya mini yadda ake buɗewa, sun ba ni safar hannu ta roba da kayan aiki masu rufi, sun kuma ba ni ikon sake kunna abin da na gyara. Maɓallin nan bai san bambanci tsakanin gwani da ɗan koyo ba, abin da ya sani shi ne wanda ya buɗe ba nasu ba ne.

Tun daga lokacin nake kallon ƙirar waɗannan ababen hawa da wani ido. Mai ƙira yana iya haɗa batir da noti, ya raba shi rukuni-rukuni yadda in ɗaya ya lalace za a cire shi kaɗai. Yana kuma iya manne shi da danƙo ya zama dunƙule guda, wanda ko a yi amfani da shi ko a jefar. Wasu manyan kamfanonin sun wuce nan ma. Tesla, a wasu motocinsa na Model Y, ya mayar da batirin wani ɓangare na gangar jikin motar, an cika shi da kumfa mai tauri. Hakan yana rage nauyi da kuɗin ƙira, na yarda, amma wanda ya zaɓi danƙo maimakon noti ya riga ya yanke hukuncin wanda zai ci abinci a jikin motar nan har ƙarshen rayuwarta, kuma makaniken bakin titi ba ya cikin lissafinsa.

Dattawan sandikar direbobi ne suka ba ni shawarar in je ofishin sufeton ƙwadago. Na tafi ba tare da wani dogon fata ba, don a ganina wanda ya sa hannu ya gama magana. A nan na sha mamakin da ya ɗan sanyaya mini rai. Dokar ƙwadago ta Nijar, wato doka mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumba 2012, ba sunan da aka rubuta maka a takarda take dubawa ba. Ma'aikaci a wurinta shi ne wanda ke aiki don lada a ƙarƙashin umarni da ikon wani. Sufeton ya tambaye ni, "Malam, wa ke sa maka lokacin zuwa aiki?" Na fito da wayata. Allah ya taimake ni ban da ɗabi'ar goge saƙo: ga umarnin WhatsApp na kowace safiya cewa ƙarfe 7:30 mu kasance a garaji, ga gargaɗin da aka yi mini ranar da na gyara wa maƙwabcina babur, ga hotonmu cikin rigar kamfani. Duk wanda ke irin wannan aiki, ina roƙonsa ya adana saƙonnin nan kamar yadda yake adana takardar fili.

Zama uku aka yi na sulhu. Aka biya ni albashina na wata biyu, aka yafe rabin bashin batir, sauran kuma ina biya kaɗan-kaɗan. Yarana da ake ba jika 25 aka cika musu zuwa mafi ƙarancin albashi, wanda ya koma jika 42 tun watan Janairun 2024, abin da ni kaina ban sani ba sai a ofishin nan, kuma wannan kunyar tawa ce. An kuma gano ba a taɓa yi wa ko ɗayanmu rajista a CNSS, asusun inshorar ma'aikata na ƙasa, ba, da wutar batirin nan ta ƙone mini hannu, da ni da iyalina ne za mu ji da kanmu. Amma da na kawo maganar lambar sirri, aka nuna mini cewa wannan ba hurumin dokar ƙwadago ba ne, dukiyar kamfani ce, kuma na amince da haka a shafi na huɗu. Yaron nan mai adaidaita kwana 40 ya yi kafin a kawo masa sabon batir, aka ɗora masa kuɗin kwanakin a kan bashinsa. Batirin da na gyara, lafiyayye, yana ajiye a ɗakin kayansu.

Ɗan yayata ne ya riƙa kawo mini labarin cewa rigimar ba tamu kaɗai ba ce. A Suwidin, makanikan Tesla da ke ƙungiyar ƙwadago ta IF Metall sun shiga yajin aiki a watan Oktoban 2023 saboda kamfanin ya ƙi sa hannu a yarjejeniyar bai ɗaya da ma'aikata, har ma'aikatan tashar jiragen ruwa suka ƙi sauke motocinsa, na gidan waya suka ƙi kai masa lambobin mota. A Amurka, a shekarar dai, ƙungiyar ma'aikatan ƙera motoci ta UAW ta yi kimanin mako shida tana yajin aiki a Ford da General Motors da Stellantis, ta samu ƙarin albashi na kashi 25 cikin 100, kuma cikin abin da ta dage a kai har da makomar ma'aikatan masana'antun batir. Wanda ya fi taɓa ni shi ne dokar batir da Tarayyar Turai ta zartar a 2023, wadda ta ce daga Fabrairun 2027 batirin ƙananan ababen hawa irin su keke mai lantarki dole ya zama wanda ƙwararre mai zaman kansa zai iya cirewa ya canza, kuma an hana amfani da manhaja don toshe hakan. Da ya karanta mini wannan sai na yi dariyar takaici, don maɓallin da ya raba ni da aikina ne wasu suka zauna a majalisa suna muhawara a kansa. Mu nan mutum huɗu ne a garajin, ba mu da ƙungiya, ba mu ma taɓa kwatanta takardunmu ba. Da direbobi da makanikai mun haɗa kai tun ranar farko mun ce ba mai sa hannu sai an tsayar da kuɗin kullum duk ranar da abin hawa ke jiran kayan gyara, da yaron nan bai durƙusa a gabana ba, ni ma da ban taɓa murfin nan ba.

Yanzu na koma bakin titi, a rumfar haya da ba ta kai rabin tsohuwata ba, mutanena na dā kuma wasu sun dawo, wasu sun saba da inda na tura su. Ban daina son abin hawa mai lantarki ba, na ma sayi ƙaramar na'urar waldar ƙwayoyi ina gyara batiran fitilun sola da na kekuna. Watan jiya wani Alhaji ya zo da maganar zai shigo da babura masu batir daga Sin, yana son in riƙe masa gyara. Na ce, "Ranka ya daɗe, batirin da noti aka rufe shi ko da danƙo? Lambar buɗe shi a hannun wa za ta zauna? Kuma takardar, a bar mini ita ta kwana biyu a gidana." Ya ce zai tambayi mutanensa ya dawo. Mako biyar ke nan ban sake ganinsa ba.