Sagiman ɗin da na sayo kafin a buɗe inji

Kwalin sagiman ɗin, wato zobban da ke zagaye fistan a cikin silindar injin mota, yana nan bisa kanta a ɗakina, ko ledarsa ba a yage ba. Uwargida ta sha cewa in sayar da shi in huta, na ƙi. Duk sanda idona ya faɗa kansa sai raina ya sosu.

Tsohuwar Hilux ce mai inji 3L, ɗan gazuwal mai silinda huɗu. A Sabon Gari na saye ta don in riƙa jigilar kaya tsakanin Damagaram da Tanut. Mai ita da bakinsa ya ce injin ya gaji, ni ma kuɗin gajiyayye na biya. Shawara ɗaya ta rage mini: a gyara wannan, ko a ɗora wani ɗan okaziyo.

Ina ganin na san mota. Na kwance murfin mai inji yana aiki, iska na busowa har murfin na rawa a hannuna. Hayaƙin baya shuɗi-shuɗi. Filtar iska kuwa ta sha ƙurar hunturu har ta ƙoshi, kuma ƙurar da ta samu hanyar shiga ciki kowa ya san cin silinda take yi. Muka cire bujin zafi muka auna matsi: 27, 26, 22, 27. Littafin Toyota ya ce lafiyayyen 3L yana ba da kilo 32, kada ya gaza 20, tazarar da ke tsakanin silinda kuma kada ta wuce 5. Nan take na yanke hukunci, na ce sagiman ne. Washegari na canza sefa zuwa naira na kama hanyar Kano. A Ƙofar Ruwa na sayo sagiman standar, wato mai awon asali na kamfani, da kusine standar da sandar inji ke juyawa a kansu, da juwan kilas, wato shimfiɗar da ke tsakanin bulok da kilas, kan injin, na dawo ina ta murna wai na rage wa makanike aiki.

Abin da ban lura da shi ba, ranar da na je dubawa da zafinsa na tarar da injin. Ban ce mutumin da gangan ya yi ba, Allah shi ya san zuciya. Amma inji mai zafi yana tashi bugu ɗaya, kuma ba mai hankalin da zai buɗe murfin radiyata a lokacin.

Tsohon makaniken da na kai wa, abokin marigayi mahaifina ne. Ya juya kwalin a hannunsa ya ce, "Ɗana, wa ya auna maka?"

Na ce, "Ai mun auna matsi, Baba."

"Matsi ya gaya maka akwai ciwo. Ya gaya maka inda yake?"

Bai bari an taɓa motar ranar ba. Da sassafe, inji ya kwana da sanyinsa, ya cika radiyata har baki, ya bar murfin a buɗe ya ce a tayar. Sai da aka yi ta ja kafin ya kama, da farin hayaƙi. Muka tsaya muna kallon bakin radiyatar, sai ga kumfa tana tasowa ɗaya bayan ɗaya, ba ta yankewa. Iskar ƙonewa ce ke shiga hanyar ruwa. Wannan gwaji ko dala ba ya ci, ni kuma na riga na kashe kuɗin mota zuwa Kano da dawowa.

Da aka sauke kilas ya kama yatsana ya goga farcena a saman silinda. Farcen ya maƙale a wani ɗan tudu, inda sagiman ba ya kaiwa. Faɗin silindar 3L milimita 96 ne, nawa sun zarce abin da standar zai riƙe, sai an ƙara musu faɗi a sa fistan da sagiman masu ƙarin faɗin milimita 0,50. Sandar inji ma ta yi zane, dole a goge ta a sa kusine na 0,25. Cikin kayan Kano juwan kaɗai ya yi amfani.

Kilas ɗin kuwa a idona lafiya lau yake. Baba ya wanke shi tas, ya jiƙa shi da kananzir, ya goge ya bushe, sannan ya murza alli a kai ya koma shan shayinsa. Kafin ya gama kofi, wani siririn layi kamar gashi ya fito cikin farin allin, tsakanin bawul biyu na silinda ta uku. Ita ce mai 22 ɗin nan da na ɗora wa sagiman laifi. Dalilin tsagewar ma bai ɓoye ba: radiyata ta toshe da dattin ruwan rijiya, an cire kalosta, mai daidaita zafin ruwan inji, an jefar kamar yadda mutanenmu suka saba wai don zafin gari, injin ya yi ta tafasa ana ƙara masa ruwan sanyi.

Da na ga wannan duka tun farko, da na zauna na yi lissafi da kwanciyar hankali, wataƙila ma okaziyo zan ɗauka, ko da yake shi ma a rufe ake sayar maka da shi. Tunda bulok bai tsage ba, gyaran muka zaɓa. Na koma Kano da awon Baba rubuce a takarda, na sayo fistan, sagiman, kusine da wani kilas, shi ma sai da na shafa masa alli a gaban mai shago yana kallona. Kusinen farko ya yarda ya musanya mini. Sagiman ɗin ya ce rabin kuɗi zai karɓa, ni kuma zuciya ta ɗebe ni na mayar da shi jaka.

Motar tana zuwa Tanut ta dawo, ba ta shan ruwa, ba ta shan mai. Kwanan baya wani ƙanen abokina ya ce in raka shi duba wata a Zango. Na ce ya gaya wa mai ita kada a tayar da ita sai mun iso. Muna zuwa na ɗora tafin hannuna kan kilas, na ji da ɗumi. Na ce masa mu tafi, gobe bayan sallar asuba ma dawo.