Buhu 35 na albasa da shirun wata bakwai

Buhu 120 na albasa muka zuba a rudu, wato rumfar ajiyar albasa, ni da Yayana, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, a ƙarshen watan Maris. Jari nawa ne, wahala tasa: shi ya bi fadamun Goronyo da Wurno ya saye, shi ke kula da ajiya, riba kuma a raba biyu. Da damina ta yi nisa farashi ya ɗaga, aka kwashe zuwa kasuwar Ramin Kura da ke Sakkwato, sai lissafin da ya kawo mini ya tsaya a buhu 85. Duk wanda ya taɓa ajiye albasa ya san tana ramewa, tana ruɓewa, wata ma ta tsira. Amma 35 sun yi mini yawa. Na karɓi kuɗin, na ce "Allah ya sa albarka, Yaya," na koma gida zuciyata na tafasa.

Abin da na yi bayan nan shi ne har yau yake ci mini rai. Ban tambaye shi ba. A daren na gaya wa matata. Bayan kwana biyu na gaya wa wani abokina a majalisa, har da cewa "kai kaɗai na faɗa wa." Daga baya na shigar wa Inna da maganar a fakaice. Mutum uku ke nan, shi kuwa mai maganar ban ce masa uffan ba. Wata bakwai muna haɗuwa a masallaci, a yi musabaha, a tambayi iyali, kowa ya kama gabansa.

Ina ce wa kaina kara nake yi. Mu nan Sakkwato a haka aka raine mu, ƙane ba ya tsare wansa da lissafi. Sai dai kara da kawaici na gaskiya su ne ka ga abu ka kau da kai, ka bar shi har cikin zuciya. Ga ma'aunin da na gano a makare: in ka ji kana maimaita maganar ga wani na uku, ko kana sake buga lissafin a kan shimfiɗa bayan kowa ya yi barci, to ba ka bar komai ba, tsoro ne kake kira kunya. Na san hadisin da ya hana Musulmi ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku, ina fakewa da cewa ai muna sallama. Aya ta 12 a Suratul Hujurat kuwa ta haɗa mugun zato da bin diddigi da giba wuri guda. Na farko da na ƙarshe duk na aikata su, ina ganin ni ne mai haƙuri.

Magana zarar bunu ce. Kafin ta zagayo kunnensa ta tashi daga "buhu 35 ba su cika ba" ta koma "ya cinye wa ƙanensa jari." Na gane ta isa ne ranar da 'ya'yansa suka daina shigowa gidana, kuma kwanon Sallah bai zo daga ɗakin matarsa ba.

Sau biyu na je gidansa na kasa. Dalili ɗaya ne duka biyun: na je ba tare da na sanar da abin da ya kawo ni ba. Gaisuwarmu doguwa ce, ya gida, ya iyali, ya zafi, ya kasuwa, kafin a gama zuciya ta yi sanyi, sai ka ji bakinka ya ce "dama biyowa na yi mu gaisa." A karo na uku sai na toshe wa kaina hanyar gudu. Tun da safe na kira shi na ce, "Yaya, ina son in zo bayan Isha'i, maganar lissafin albasar bara ce." Da zarar an ambaci sunan magana, ba sauran zamewa, shi ma ya samu yini guda ya shirya, ba a auka masa ba zato ba tsammani.

Kada a yi irin wannan magana ta saƙon murya, kada a yi ta a zauren WhatsApp na dangi, kada a yi ta wurin suna ko biki. Saƙon murya ana tura shi gaba, ana sake saurare ana ƙara masa ma'ana. Gaban jama'a kuwa babba ba zai amsa laifi ba ko da ya san nasa ne, mutuncinsa zai kare. Mu biyu muka zauna a zaurensa, yara sun kwanta, wayoyi a aljihu.

Magana ɗaya na je da ita, rubuce a takarda: an zuba 120, an sayar da 85. A cikin wata bakwai ɗin nan na tara wasu ƙorafe-ƙorafe, har da na gonar gado, amma na bar su gida. Wanda ya daɗe yana haɗiye magana, ranar da ya buɗe baki yakan amayar da ta shekara goma, sai a rasa wadda za a kama. Da laifina na fara, kuma na ambace shi da sunansa: "Yaya, na ga lissafin bai cika ba, maimakon in tambaye ka sai na gaya wa mutum uku. Na zalunce ka a nan." Na faɗi su wane ne ukun. Sannan na yi tambaya ɗaya, "Buhu 35 ɗin nan, yaya aka yi da su?" na kama bakina.

Wannan shirun na bayan tambaya ya fi komai wuya. Bakina na ƙaiƙayi in ce "ba komai fa, tambaya ce kawai." Da na faɗi haka da na rushe komai. Ya daɗe yana kallon tabarma, sannan ya ɗago ya ce, "Don mi ba ka tambaye ni ba tun ranar?"

Ba ni da amsa, har yau ba ni da ita.

Ga yadda lissafin ya kasance. Buhu 19 sun tafi a ruɓewa da ramewa, galibi saboda ruwan Yuli da ya yoyo ta gefe ɗaya na jinkar rudun. Buhu 4 sun tafi a ladan masu juyawa da tsincewa da kuɗin mota. Buhu 12 kuwa shi ya sayar tun da wuri lokacin da aka kwantar da ɗansa asibiti, da niyyar mayarwa kafin in sani, abin ya gagara, kunya ta hana shi faɗa. Wato kusan kashi biyu cikin uku na abin da na zarge shi a kai ba shi da laifi a ciki. Ragowar kuwa, da na yi tambaya a ranar farko, da a zama ɗaya an gama, a tsakaninmu mu biyu, ba tare da sunansa ya shiga majalisa ba.

A nan ne na kusa sake yin kuskure. Kawunmu ya ji mun zauna, ya kira mu ya ce a yi haƙuri, zumunci ya fi kuɗi, a shafa fatiha ya wuce. Niyyarsa alheri ce, amma irin wannan sulhun rufe miki ne da ƙazantarsa. Na roƙe shi cikin ladabi ya bari a fayyace haƙƙin kowa kafin fatiha. Muka je wurin wani malamin unguwarmu da ya san kasuwanci, wanda mu duka muka yarda da shi. Inna ba mu sa ta ba, uwa ba ta iya hukunci tsakanin 'ya'yanta ba tare da ta ji ciwo ba. Malam ya ce cinikinmu ƙiradi ne, wato jarin wani aikin wani: asarar da ta auku ba da sakaci ba tana kan mai jari, mai aiki wahalarsa ce ta tafi a banza, amma abin da ya taɓa ba da izini ba sai ya biya. Saboda haka buhu 19 nawa ne in haɗiye, 12 nasa ne ya mayar, a farashin ranar da aka sayar da sauran. Aka raba biyan kashi huɗu, aka rubuta, mutum biyu suka sa hannu. Da Yaya ya nuna rubutun ya yi masa nauyi, Malam ya tuna mana cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka.

Yafiya a daren aka yi ta, amana kuwa ba ta dawowa da baki. Da kakar albasa ta zagayo, buhu 30 kawai muka zuba. Littafi biyu, ɗaya wurinsa ɗaya wurina. Duk mako biyu, ranar da ake juya albasa a tsince ruɓaɓɓu, ina zuwa da kaina ko ya turo mini hoto da adadin da aka zubar. Mun gyara jinka tun kafin ruwan farko. Muka kuma yi ƙa'ida cewa in buƙata ta taso masa ya kira ni kafin ya taɓa buhu, ni kuma in na ga abin da ban gane ba, ba zai kwana uku ban tambaya ba. Sau ɗaya na yi amfani da ƙa'idar, kan buhu biyu, cikina na ɗar-ɗar kamar ranar farko. Cikin minti biyar aka warware.

Nawa biyan ya fi nasa ɗaci. Sai da na koma wurin mutum ukun nan ɗaya bayan ɗaya, na faɗa musu ainihin lissafin, na ce zaton da na yi ya wuce gona da iri. Abokina na majalisa na sa shi ya maimaita gyaran a gaban waɗanda ya gaya wa. Duk da haka gyara ba ya gudu kamar yadda ɓatanci ke gudu, akwai waɗanda suka ji na farko ba su ji na biyu ba, kuma ban san su duka ba.

Yaya ya gama biyan kashi na huɗu kafin lokacin da aka sa. Yaransa sun dawo shiga gidana. Matarsa dai har yanzu in na gaishe ta a taƙaice take amsawa, ba ta ɗago kai, kuma ban ga laifinta ba: ita ta riƙa jin ana nuna mijinta a gidajen biki tsawon wata bakwai, a kan maganar da ta fito daga bakina.