Godiya ga duk wanda ya tsaya mana ranar Asabar

Assalamu alaikum. A madadin 'yan ƙungiyarmu ta masu koyon kiɗin gargajiya a nan Sakkwato, ina godiya ga jama'ar da suka cika fili ranar Asabar bayan La'asar, ranar da muka fara fita gaban mutane. Alhamdu lillahi, an yi lafiya, an watse lafiya.

Da yawa sun tambaye mu ko daga wane gidan makaɗa muka fito. Babu ko ɗaya cikinmu da ya gaji kiɗi. Akwai malamin makaranta, akwai tela da direba, har da wanda ya yi ritaya, dukanmu magidanta. Abin ya faro ne a majalisar hira a Mabera, inda muke sauraron tsofaffin kaset. Ƙasar da ta fitar da Narambaɗa da kotsonsa, da Jankiɗi Sarkin Taushin Sarkin Musulmi, yau ga 'ya'yanmu ba su iya bambance kotso da taushi. Abin ya yi mana ciwo, muka yi karo-karo muka sayi kalangu.

Babbar godiyata ga Baba ce, dattijon da ya karɓe mu alhali shi a gidan kiɗi aka haife shi. Bai taɓa yi mana gorin gado ba. Shi ya nuna mana cewa kalangu a hammata yake magana: ka matse tsarkiya murya ta hau, ka sassauta ta sauka. Ya daɗe yana hana mu taɓa kotso, ya ce kowa ya fara zama ɗan amshi tukuna, don wanda bai iya karɓi ba kunnensa bai nuna ba. Baba, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Kuɗin da aka liƙa mana duka naka ne, haka muka yi alkawari tun farko, domin mu ba roƙo muka fito ba.

A 2020, lokacin korona, muka daina haɗuwa, fatun suka bushe suka tsage, har wasu suka fid da rai. Majemin da ya zaɓo mana sabbin fatun akuya ya ce mu biya idan hali ya samu, Allah ya saka masa da alheri. Haka Alhajin da ya ba mu zaurensa, da maƙwabtansa da suka jure kiɗin 'yan koyo.

Matanmu kuwa sun sha magana a unguwa, wai maigida da furfura ya koma maroƙi. Sun yi haƙuri, kuma su ne suka dafa abincin baƙi. Mun gode ƙwarai.

Duk magidancin da ke sha'awa, muna nan kowace Asabar bayan La'asar, muna tashi kafin Magariba. Ba sai ka zo da ganga ba, akwai ta aro.