Sinadarin zaƙi a zoɓo: abin da doka ta ce da inda ake kuskuren awo

Tsadar sukari ta sa masu zoɓo, kunun aya da lemon citta da yawa a kasuwannin Wudil, Ɗambatta da Maigatari sun koma ga sinadarin zaƙi. Doka ba ta hana shi kwata-kwata ba, amma ta gindaya sharuɗɗa, kuma hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke lura da su. Dole sinadarin ya zama cikin waɗanda aka amince da su, a rubuta sunansa a jikin kwalba ko leda, kuma ba a saka shi a abincin jarirai. Lemon da ke da aspatam, wani nau'in sinadarin zaƙi, sai an yi gargaɗin cewa yana ɗauke da sinadarin fenilalanin, saboda masu wata cutar gado da jikinsu ba ya iya sarrafa shi.

Inda matsalar take shi ne awo. Sakarin, wanda shi ma sinadarin zaƙi ne, ya fi sukari zaƙi kusan sau 300. Masanan Hukumar Lafiya ta Duniya sun ƙayyade masa miligiram 5 a kowane kilo na nauyin mutum a rana, wato yaro mai kilo 20 kada ya wuce miligiram 100. Ƙaramin cokali ɗaya na garin kusan giram 4 ne. A zuba cokali biyu a jarka mai lita 20, kowace lita ta ɗauki miligiram 400. Ƙulli ɗaya mai kwatan lita ya cinye wa yaron kasonsa na yini, alhali a zafin bazara ba ɗaya yake sha ba. A Tarayyar Turai iyakar sakarin a lemo miligiram 80 ne a lita. Awo da ido ko da murfin gora ba ya aiki a nan, sai ƙaramin sikeli irin na masu gwal. Alamar an zarce ita ce ɗaci-ɗacin da ke maƙalewa a maƙogwaro bayan an haɗiye.

Aspatam kuwa iyakarsa miligiram 40 ne a kowane kilo na nauyin mutum a rana, amma zafi yana lalata shi. Wanda ya zuba shi a tafasasshen zoɓo zai ji zaƙin ya gudu, ya yi ta ƙarawa. Sai ruwan ya huce ake sakawa.

Akwai kuma benzowet da ake sakawa don kada lemo ya yi saurin lalacewa. Idan ya haɗu da bitamin C, ga zafi ga hasken rana, yana iya haifar da sinadarin benzin mai jawo ciwon daji. A kan wannan ne wata babbar kotu a Legas ta ba da umarni a 2017 cewa a rubuta gargaɗi a kwalaben Fanta da Sprite. Mai shago da ke jera katan-katan a rana tun hantsi har la'asar ya kamata ya san haka.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne garin da ake aunawa a farar leda babu suna. A watan Maris na 2021 ɗaruruwan mutane a Kano suka kwanta asibiti suna amai da fitsarin jini, wasu suka rasu, bayan shan lemon da aka haɗa da abin da aka sayar musu a matsayin ɗan tsami. Binciken NAFDAC ya gano sinadarin masana'anta ne mai guba. Da ido ba a bambance su, duka farin gari ne. Don haka mai sarin kayan haɗi ya nemi a nuna masa buhun asali, ya duba lambar rajistar NAFDAC, adireshin kamfani, lambar rukunin da aka sarrafa da ranar lalacewa, ya kuma tabbatar an rubuta na abinci ne. Idan ɗan kasuwa ya ce buhun ya yage ko yana sito, a bar masa kayansa. Tsamiya da lemon tsami suna ba zoɓo tsamin da ake nema, kuma ana samunsu a kowace kasuwar ƙauye.