Na'urar da ta ƙi cin faifan Alhaji

Sama da shekara ashirin kenan ina harkar kayan kallo a nan Bauchi, ta wajen kasuwar Wunti. Na fara ne a matsayin yaron shago lokacin ana hayar kaset ɗin bidiyo, aikina in mayar da kaset baya in goge ƙura in rubuta sunan wanda ya ɗauka a littafi, daga nan aka koma CD, aka koma DVD, har Allah ya sa na buɗe nawa shagon. Yau in ka shigo abin da za ka fara gani caja ne da iyafis da fitilar sola da filas da memori, na'urar DVD kuwa tana can saman kanta, guda biyar ko shida, sai in yi wata ban sauko da ko ɗaya ba.

To kwanakin baya wani dattijo ya zo, tsohon malamin makaranta ne da ya yi ritaya, jikansa na biye da shi riƙe da kwali. Bayan mun gaisa ya ce, "Ɗana, faya-fayan nan ne suka ƙi yi, ko dai na jabu aka aiko min?" Ɗansa ne da ke Amurka ya aiko masa da su, shirye-shiryen tarihi ne da na namun daji, sababbi fil wasu ko ledarsu ba a ɓare ba. Na'urarsa kuma ba ta wasa ba ce, ta wani babban kamfanin Japan ce, a Ingila ya saye ta da ya je wani kwas. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne faya-fayan da ya sayo a Makka lokacin Umara duk tana yi da su lafiya lau, amma waɗannan da ya sa sai ta juya ta juya ta rubuta masa wani abu a talabijin ta tsaya cik.

Yarona har ya ɗauko auduga da sifirit zai fara goge faifan, don shi a wurinsa duk abin da ya ƙi yi to datti ne. Na ce masa dakata. Na juya bayan kwalin faifan, can ƙasa ga ɗan zanen duniya da lamba 1 a tsakiya. Na ce Baba faifanka ƙalau yake, na'urarka ma ƙalau take, biza ce kawai babu. Ya yi dariya ya ce faifai ma sai da biza? Na ce wallahi kuwa.

Yadda abin yake, tun da DVD ya fito, a Japan a 1996 sannan Amurka a 1997, manyan kamfanonin fim suka raba duniya gida shida. Lamba 1 Amurka da Kanada. Lamba 2 Turai da Japan da ƙasashen Larabawa na Gabas ta Tsakiya, har da Masar da Afirka ta Kudu. 3 su Koriya ta Kudu da Malesiya da Indonusiya, 4 Ostiraliya da nahiyar Kudancin Amurka, 6 China ita kaɗai. Mu nan Najeriya muna lamba 5, tare da yawancin Afirka da Indiya da Rasha. Na'urar da aka yi wa gida kaza faifan gidan kaza kawai za ta karanta, sai kuma wanda ba a kulle ba. Shi ya sa ta Alhaji ta Ingila ta karɓi faifan Saudiyya hannu bibbiyu, gidansu ɗaya, ta ga na Amurka ta murtuke fuska. Dalilin kuwa kuɗi ne ba wani abu ba, fim yakan fito a Amurka a faifai alhali a wata ƙasar ko sinima bai shiga ba, kuma farashin ba ɗaya ba ne, ba sa so ɗan kasuwa ya kwaso inda yake da araha ya kai inda yake da tsada. Ni da nake ɗan kasuwa na gane hikimar, amma dai mutum ya sayi abu da kuɗinsa na halak a ce ba zai kalla a ɗakinsa ba, wannan bai kwanta min ba har gobe.

Abin dariyar shi ne mu nan mun shekara da shekaru ba mu ma san akwai wannan kullen ba. Faya-fayan da muke sarowa daga Kano da Alaba ta Legas yawanci kwafi ne, wanda ya kwafa ya riga ya cire kullen, ga kuma 'yan ƙananan na'urorin China da suka cika kasuwa, su kamar akuya suke ba sa zaɓen abinci, VCD ne, DVD ne, MP3 ne, wanda ya sha karce ne, duk haɗiyewa suke. Mai tsadar ce ke da iyayi. Sau nawa mai kuɗi zai dawo min da orijinal yana faɗa, maƙwabcinsa mai 'yar China yana can yana kallonsa hankali kwance.

Da DVD ne kawai a kwalin Alhaji da a take mun gama, in miƙa masa 'yar China ɗaya ya tafi, ko in gwada buɗe tasa, don wasu na'urorin in ka buɗe bakin faifan ka danna wasu lambobi a rimot kullen yana fita, kowane samfuri da nasa lambobin, wasu kuma ko za ka kwana kana dannawa ba za su buɗe ba. Amma a ƙasan kwalin akwai guda huɗu masu shuɗin kwali, Blu-ray kenan, kuma su ne ma ya fi so. Nan aiki ya canza. Blu-ray ya fito a 2006, faifai ɗaya yana ɗaukar gig 25 ko 50, DVD kuwa 4.7 ne ko 8.5, don haka idon da ke karanta shi ma daban ne, na'urar DVD ba za ta taɓa ganinsa ba. Kullensa kuma da harafi ne, A su Amurka da Japan, B Turai da Afirka da Larabawa, C su Indiya da China da Rasha. Nasa A ne, mu B ne. Kuma shi wannan yawanci ba a buɗe shi da rimot kawai, sai an buɗe cikin na'urar an ƙara mata wani ɗan abu, daga nan kake zaɓar gidan da kake so da maɓallin rimot kafin ka sa faifai.

Na ce Baba ka ba ni sati biyu in nemo maka na'urar Blu-ray da aka cire wa kulle. Sati biyun nan sai da ya zama wata ɗaya da 'yan kwanaki. Na kira mutanena na Sabon Gari a Kano, ɗaya ya ce min "kai har yanzu kana nan a zamanin da?" Na kira Alaba, aka turo min hotuna a WhatsApp, duk 'yan Beljiyam ne, kuma kowa rantsuwa yake tasa tana cin komai. A sana'ar nan na koyi kar ka yarda da "tana cin komai" sai an sa faifai a gabanka, don sau da yawa abin da suke nufi DVD ne kawai aka buɗe, ɓangaren Blu-ray yana nan a kulle. Sai da na sa wani ya nemo faifai mai A da mai B ya gwada min duka a bidiyo kol kafin na tura kuɗi.

Akwai abu biyu kuma da nake dubawa, don an taɓa cizona. Na farko wuta. Kayan Amurka da yawa 110 zuwa 120 suke sha, tamu kuwa 220 zuwa 240 ce, wata shekara na taɓa jona wata na'urar kwastoma ban duba bayanta ba, ƙara ɗaya ta yi sai hayaƙi da warin roba, daga aljihuna na biya. Yanzu ko rediyo aka kawo min sai na juya bayansa na ga an rubuta 100 zuwa 240, in ba haka ba sai da sitef-dawun. Na biyu tsarin hoto, Amurka NTSC suke yi mu PAL, a tsohuwar talabijin mai ƙeya sai ka ga hoton ya koma baƙi da fari ko yana ta gudu sama. Filasma na yanzu yawanci ba ruwansu, amma dai na tambayi Alhaji wace iri ce a falonsa kuma tana da HDMI ko babu. Jikan ne ya amsa.

Gaskiya wahalar samun na'urar ba ta ba ni mamaki ba, masu ƙera ta ne da kansu ke tserewa. Oppo sun daina tun 2018, Samsung suka bi a 2019, LG ma a ƙarshen 2024. Netflix da suka fara da aika wa mutane DVD ta gidan waya sun rufe wannan ɓangaren a watan Satumban 2023, Best Buy, babban kantin kayan lantarki a Amurka, ya cire faya-fayan fim daga kantunansa a farkon 2024. Har sabon faifan 4K sun yi shi ba kulle, amma sai bayan da kasuwar ta riga ta watse, ihu bayan hari kenan. Mu nan ma ba sai an ba mu labari ba, waya ce ta kashe mu. Da farko 'yan tura fim a memori suka raba mu da matasa, fim goma a kuɗin faifai ɗaya, sannan Arewa24 ta zo a 2014, sannan 'yan fim ɗin Hausa da kansu suka koma YouTube da masu dogon zango. Ban ga laifinsu ba fa, mu ma 'yan kasuwa da kwafin da aka riƙa yi mun taimaka wajen karya su, ba na cire kaina.

Amma akwai waɗanda har yanzu suke shigowa da faifai a hannu, kuma ba 'yan kallon fim ba ne. Mata ne da CD ɗin bikinsu, ko magidanci da faifan walimar saukar ɗansa, ko mai tafsirin wani malami na azumin shekarun baya da ba za ka same shi a intanet ba ko ka ƙarar da datarka. Yanzu rabin aikina a wannan ɓangaren juye musu nake yi zuwa filas. Wata baiwar Allah ta kawo na bikinta, ta ce mahaifiyarta da ta rasu a nan kawai take da muryarta, faifan irin wanda ake ƙonawa a kwamfuta ne, zafi da ajiya sun sa bayansa ya fara ɓarewa, na yi kwana biyu ina fama na ceto kamar minti arba'in, sauran ya tafi. Don haka masu cewa faifai ba ya mutuwa ban yarda da su ba, wanda aka buga a kamfani yana daɗewa in an adana, na ƙonawa kuwa sai a hankali, ga ƙurar hunturunmu da ke kashe idon na'ura. Filas ɗin ma ba amana gare shi ba, waya kuma a sace ko ta faɗa ruwa. Ni dai shawarar da nake ba su, a juye a wuri biyu kuma kar a yar da faifan.

Ranar da na'urar ta iso ni da kaina na kai masa gida can Fadaman Mada, na jona, na nuna wa jikan maɓallin da zai danna in zai koma A da wanda zai danna in zai dawo B, na rubuta a takarda na manna a bayan rimot da salatif. Muka sa na namun dajin, hoton kamar ka miƙa hannu ka taɓa gashin zakin. Alhaji ya gyara zama ya ce wannan ko babu netwok ko babu data nasa ne. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, muka zauna a duhu ana neman wanda zai tada janareto, can ya ce min, "Ɗana, in ka ƙara samun irinta ka ajiye min ɗaya, kafin su ƙare." Na riga na kira Alaba, sun ce in jira kwantena mai zuwa.