Shaddar da Na Ɓata a Goman Ƙarshe

Ina ɗan shekara 15 aka kai ni koyon ɗinki wurin wani gwani da ba zan ambaci sunansa ba. Hannunsa na da kyau, wannan ba musu. Sai dai in ka yi kuskure, a gaban masu kaya zai ɗaga rigar sama ya ce, "Ku dubi aikin daƙiƙi." A shekara biyun da na yi wurinsa na koyi taka keke, na koyi kalmasa da sa aljihu, na kuma koyi ɓoye ɓarna. In allura ta karye, da kuɗin karin kumallona nake sayo wata. In ɗinki ya karkace, sai in cusa rigar ƙarƙashin tulin kaya. Kuskuren da za a farke a minti biyar sai ya kai har jikin mai riga, ya dawo da ita yana faɗa. Mu shida ne a shagon, yau mu biyu kaɗai muka rage a sana'ar. Shi ya sa in na ji ana cewa "mu ma da tsawa aka koya mana, ga shi mun iya", nakan tuna da huɗun nan.

Daga baya kawuna ya mayar da ni wurin wani dattijo a Fagge, ba nisa da Kantin Kwari. Duk wanda ya san tela ya san goman ƙarshe na azumi: ba barci, janareta na ruri, kekuna na kuka har sahur, kowa so yake ya sa sabo ranar idi. A irin wannan dare aka ba ni shaddar wani Alhaji, Getzner, wadda ake kawowa daga Ostiriya, yadi goma, za a fitar da babbar riga da 'yar ciki da wando. Ban daɗe da fara riƙe almakashi ba. Na buɗe littafin awo, na zana da alli, na yanka. Sai da na ɗaga 'yar cikin na ga ta gaza da inci huɗu. Ɗinki ana farke shi, yanka kuwa ba ya dawowa.

Na daɗe tsaye ina kallon tulin kayan da ke gefena. Tsohon hali na ce mini in cusa ta. Da ƙyar na ƙarasa gabansa na ce, "Baba, na yi ɓarna." Yara biyar na shagon, ga baƙi biyu a kan benci.

Ko ɗaga murya bai yi ba. Cewa ya yi, "Ɗauko tef da littafin, ka biyo ni." Muka zaga baya inda muke guga. Ya shimfiɗa shaddar, ya auna, ya ce, "Nuna mini inda ka duba." Ashe Alhazai biyu ne masu suna ɗaya, awonsu na fuskantar juna a littafin. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗan nan, rabin laifin nawa ne, ban bambanta su ba." Ban taɓa jin maigida ya faɗi haka ba.

Shi da kansa ya kira mai kayan ya ce, "Alhaji, an samu kuskure a shagona." Bai ce yarona ba. Washegari da azumi a bakinsa ya bi layukan Kwari yana neman launin da zanen, don shadda ba launi kaɗai ake dacewa ba, har furen da ke jikinta. Ya samo, ya biya daga aljihunsa.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne bayan an sha ruwa a daren. Ya shimfiɗa sabon yadin a tebur, ya miƙo mini almakashi ya ce, "Kai za ka yanka." Hannuna na rawa, na ce, "Baba, a ba wani." Ya ce, "In ba ka yanka yau ba, ba za ka ƙara yanka shadda da kwanciyar rai ba. Karanto mini awon da ƙarfi kafin ka sa alli." Na karanto, ya gyaɗa kai, na yanka. Tun daga ranar, karanta awo a bayyane ya zama dokar shagon, har shi ma yana yi.

Kada a ɗauka sakaci ne. Bayan Sallah wata guda na yi ina yankan takardar buhun siminti, irin wadda ake fara koya wa sabon yaro da ita, yana dubawa ɗaya bayan ɗaya. Horo ne, kuma na ji shi. Amma ban taɓa jin cewa an zubar mini da mutunci ba, don haka washegari ma da ƙafata nake kai masa kuskurena.

Tun muna Islamiyya nake jin hadisin Anas ɗan Malik, wanda ya yi wa Annabi (SAW) hidima shekara 10 a Madina, ya ce bai taɓa ce masa ko "tir" ba, bai kuma taɓa ce masa don me ka yi kaza ko don me ba ka yi kaza ba. Na haddace shi tuntuni, amma a bayan shagon nan, kusa da dutsen guga, na gane abin da shekara 10 ɗin ke nufi.

Yanzu ina da nawa shagon da yara huɗu. Ba kullum nake cin nasara a kan harshena ba. Na taɓa daka wa wani tsawa a gaban mai kaya, kuma kafin mako ya zagayo na tsinci wando mai karkataccen aljihu a ƙasan tebur. Sai da na kira shi gefe na ba shi haƙuri.

A gida ma abin ya same ni. Bara mahaifiyar yarana ta tsinci takardar jarrabawar 'yarmu mai shekara 9 a ƙarƙashin katifa, ta kwana biyu a can. Raina ya ɓaci, yayyenta kuma sun zuba ido su ga abin da zan yi. Na ce, "Ɗauko littafinki ki same ni a zaure." Na zaunar da ita na ce ta nuna mini inda abin ya gagare ta. Lissafin ta iya, lambobin ne ta kwafa ba daidai ba. Da na matsa da tambaya, sai ta ce a can baya take zama, kuma rubutun allo dishi-dishi take ganinsa, tana tsoron faɗa kada a ce ƙarya take.

Na kai ta asibitin ido aka ba ta tabarau, na kuma roƙi malamarsu ta dawo da ita layin gaba. Ranar da ta fara sa shi, muna fitowa ta tsaya a bakin titi tana karanto mini rubutun da ke bayan wata mota, da ƙarfi, har motar ta sha kwana.